Adana Takardun Gida: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Kafanchan Da Kewaye

Da wuya a sami ɗan kasuwar da bai san yawan buhunan da ke cikin sitonsa ba, ko adadin bashin da yake bin abokan cinikinsa. Amma idan aka tambaye shi inda takardar filin gidansa take, ko rasidin kuɗin wutar da ya biya watanni shida da suka wuce, sai a ga ya shiga lalube. Wata takardar tana ƙarƙashin katifa, wata a aljihun babbar riga, wata kuwa an naɗe ƙosai da ita tun bara. Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa takardun gida wani ɓangare ne na jarin mutum. Duk lokacin da gardama ta tashi tsakaninsa da banki, ko kamfanin wuta, ko ofishin haraji, ko mai gidan haya, wanda ke riƙe da takarda shi ne ke da rinjaye, wanda ba shi da ita kuwa yakan biya sau biyu.

Abin da ya sa batun ya shafi Kafanchan

Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, gari ne da ya bunƙasa saboda jirgin ƙasa. Tun cikin shekarun 1920 ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya nufi Kaduna, da reshen da ya hau zuwa Jos. Wannan ya tara ma'aikatan albashi da 'yan fansho da fatake daga sassa daban-daban na Nijeriya, wato mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan takardar ɗaukar aiki, da takardar haya, da littafin ajiyar banki. Har ila yau, yankin Kachiya da Kwoi da Kagarko da Jama'a shi ne cibiyar noman citta a ƙasar nan, kuma cinikin citta ciniki ne na bashi da alkawari.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke barazana ga takarda a wannan yanki. Na farko shi ne yanayi. Damina a kudancin Kaduna ta fi ta Kano ko Katsina tsawo da yawan ruwa, saboda haka danshi da gara da kyankyaso kan cinye takardar da aka ajiye a kwali ko a ƙasa. Na biyu shi ne gobara da tarzoma. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da wanda ya biyo bayan zaɓen watan Afrilu 2011, lokacin da aka ƙona kasuwar Kafanchan, duk sun cinye gidaje da kantunan jama'a ba tare da bambanci ba. Wanda gidansa ya ƙone yana iya sake gini, amma in takardar filin ta ƙone tare da gidan, to sai ya fara da tabbatar wa hukuma cewa filin nasa ne.

Kasa takardu gida uku

Kuskuren da aka fi yi shi ne tara dukkan takardu wuri guda, ta yadda takardar mallakar gida za ta kwana tare da rasidin sayen fitila. Hanyar da ta fi dacewa ita ce mutum ya ɗauki kowace takarda ya tambayi kansa: idan wannan ta ɓace, nawa zan yi asara, kuma kwana nawa zan yi kafin in sami madadinta? Amsar wannan tambaya za ta raba takardun gida uku.

Kashi na farko shi ne takardun dindindin, waɗanda ba a zubar da su har abada. Sun haɗa da takardun fili da gida, da takardun haihuwa da na aure, da takardun shaidar kammala makaranta, da takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da ta ritaya, da takardun hannun jari, da takardar rajistar kasuwanci, da takardun sayen mota da na biyan kuɗin kwastan.

Kashi na biyu shi ne shaidun biyan kuɗi: rasidin haraji, da na haya, da na wuta da ruwa, da na makarantar yara, da bayanin asusun banki, da yarjejeniyar bashi. Waɗannan ana riƙe su aƙalla shekara shida. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya adana littattafan lissafinsa na tsawon shekara shida, kuma ya kyautu mai ƙaramin kasuwanci ya ɗauki wannan ma'auni ga gidansa. Yarjejeniyar bashi kuwa, ƙirgen shekarunta yana farawa ne daga ranar da aka gama biya.

Kashi na uku shi ne takardun da ke jiran aiki, kamar takardar kuɗin wutar da ba a biya ba, da wasiƙar da ke bukatar amsa, da lasisin mota da inshorar da wa'adinsu ya kusa cika. Waɗannan su kaɗai ya kamata a bari a inda ido ke gani kullum. Da zarar an biya ko an amsa, sai takardar ta koma kashi na biyu.

A cikin kowane kashi, a raba takardun gida da na kanti. Ɗan kasuwar da ya haɗa kuɗin makarantar 'ya'yansa da kuɗin dakon citta a fayil ɗaya ba zai taɓa sanin haƙiƙanin ribarsa ba, kuma jami'in banki da ya ga irin wannan lissafi yakan ja baya wajen ba da rance.

Takardun fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin gari gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, a karkara kuwa ƙaramar hukuma na iya ba da izinin mallaka na gargajiya. Dokar ta kuma ce sayar da filin da ke da takardar gwamna, ko jinginar da shi, sai da amincewar gwamna. Ma'anar wannan ita ce takardar cinikin da aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu tana nuna an biya kuɗi, amma ita kaɗai ba ta kammala mallaka ba. A Jihar Kaduna, harkar rajistar filaye tana hannun hukumar KADGIS, wadda ta fara aiki a 2016 ta kuma bukaci masu tsofaffin takardu su sabunta su.

Saboda haka a buɗe wa kowane fili fayil nasa. A sa takardar ciniki, da ta wanda ya sayar, da ta wanda shi ma ya saya a hannunsa in akwai, da taswirar safiyo, da izinin gini, da rasidin kuɗin ƙasa na kowace shekara. Rigimar fili takan taso ne bayan shekaru masu yawa, lokacin da shaidun ciniki sun tsufa ko sun rasu, kuma a ranar wannan jerin takardu ne zai yi magana. Kada a liƙe takardar asali da roba mai zafi, domin wata rana za a bukaci buga mata hatimi ko yin rubutu a bayanta.

Takardar kuɗin wuta

Tsofaffin takardun wuta a gidaje da yawa suna ɗauke da suna uku: NEPA da aka kafa a 1972, da PHCN da ta gaje ta a 2005, da kamfanin rarraba wuta na Kaduna da ya karɓi aiki bayan sayar da shi a watan Disamba 2014. Suna ya canza, amma lambar asusun mai gida da bashin da ke kanta sukan bi shi. Wanda aka kawo masa tsohon bashi, alhali ya biya, ba abin da zai fitar da shi sai rasidi.

Ga wanda ba shi da mita, hukumar NERC mai kula da harkar wuta ta fitar da umarni a watan Fabrairu 2020 da ya ƙayyade iyakar abin da kamfani zai iya caza ta hanyar kintace. Ƙa'idojin hukumar sun kuma ba mai amfani da wuta 'yancin ƙalubalantar takardar da bai yarda da ita ba, ya ci gaba da biyan daidai adadin takarda ta ƙarshe da ba a yi gardama a kanta ba, har a warware matsalar. Ƙorafi yana farawa ne daga ofishin kamfanin, in bai gamsu ba ya wuce zuwa zauren sauraron ƙorafi na hukumar. A nan mai karatu zai lura cewa wannan 'yanci duka ya dogara ne a kan takarda. Wanda ya zubar da takardar watan jiya ba shi da abin da zai nuna a matsayin adadin da ba a yi gardama a kansa ba.

Mai shiga sabon gidan haya ko kanti ya rubuta abin da mita ta nuna a ranar da ya karɓi makulli, shi da mai gida su sa hannu, domin kada ya gaji bashin wanda ya tashi. Rasidin da na'urar POS ke fitarwa kuwa rubutunsa kan goge cikin 'yan watanni, musamman a wuri mai zafi. A yi masa fotokwafi ko a ɗauki hotonsa a ranar da aka karɓe shi.

Banki, hannun jari da fansho

Tarihin bankunan ƙasar nan ya isa darasi. An kafa hukumar NDIC mai inshorar ajiyar banki a 1988. A watan Janairu 1998 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin bankuna 26 a lokaci guda, kuma a wancan zamani iyakar abin da inshora ke biyan mai ajiya Naira 50,000 ne, bayan ya kawo shaidar cewa asusun nasa ne. A 2005 bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, sunaye da yawa suka ɓace. A 2024 aka ɗaga iyakar inshorar zuwa Naira miliyan 5 ga masu ajiya a bankunan kasuwanci, kuma a watan Yuni na shekarar aka soke lasisin bankin Heritage. Waɗanda lambarsu ta BVN ke haɗe da wani asusu a wani banki an tura musu kuɗinsu ta can, sauran kuwa sai da suka gabatar da takardun shaida.

Darasin shi ne mutum ya riƙe takarda guda mai ɗauke da sunan kowane bankin da yake ajiya, da lambar asusu, da reshen da ya buɗe shi. Kada a rubuta lambar sirri ta katin cire kuɗi a wannan takarda. Asusun da aka manta da shi ba ya zama nan har abada, domin ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2024 ta ce kuɗin asusun da ya shekara goma ba a taɓa shi ba za a mayar da shi wani asusu na musamman, inda mai shi ko magadansa za su nema da hujja.

Haka batun yake ga hannun jari. Mutane da yawa sun sayi hannun jari lokacin dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da lokacin sayar da kamfanonin gwamnati da aka fara a 1988. A da, takardar ribar shekara ta gidan waya take zuwa. Wanda ya tashi daga Kafanchan ya koma Kaduna ko Jos bai sanar da sabon adireshi ba, ribarsa ta ci gaba da taruwa ba mai karɓa. A 2023 hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai kimanin Naira biliyan 190. Yanzu ana biyan ribar kai tsaye cikin asusun banki ga wanda ya cika fom, amma sai an san sunan kamfanin da sunan da aka yi rajista da shi, abin da tsohuwar takardar ke ɗauke da shi.

'Yan fansho su ma sun san darajar takarda. Hukumar PTAD, wadda aka kafa a 2013 domin 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, takan nemi takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma na ƙarshe da ta ritaya wajen tantancewa. A garin da ke da tsofaffin ma'aikata da yawa kamar Kafanchan, takardar da aka rubuta shekara arba'in da suka wuce tana iya zama abincin gida a yau.

Haraji, haya da bashin citta

Dokar haraji ta Jihar Kaduna ta 2016 ta tattara haraji a hannun hukumar KADIRS, ta kuma hana karɓar kuɗin haraji a hannu. Saboda haka shaidar biya ta banki ita ce hujja, kuma duk wanda ya miƙa tsabar kuɗi ga wani mai ɗauke da littafin rasidi yana iya sake biya.

Sabuwar dokar haraji ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni 2025 domin ta fara aiki daga 1 ga Janairu 2026, ta ƙara wa rasidin haya daraja. Ta yarda mai zaman haya ya cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara daga kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji, iyakarsa Naira 500,000. Alal misali, wanda ke biyan hayar Naira 600,000 a shekara zai cire Naira 120,000. Amma ofishin haraji ba zai karɓi maganar baki ba, sai yarjejeniyar haya da shaidar biya.

Game da bashi, annobar da ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a damunar 2023 ta nuna abin da kan faru idan alkawari ya gamu da asara. A ce ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi tun da damina bisa alkawarin karɓar citta da kaka, sai cittar ta ruɓe a gona. Shin kuɗin za a mayar, ko buhunan, kuma a kan wane farashi? Idan an rubuta adadin kuɗi da yawan buhu da ranar biya da abin da za a yi in amfanin gona ya lalace, kuma shaidu biyu sun sa hannu, to akwai abin da za a zauna a kai a sasanta. In ba a rubuta ba, sai a rasa kuɗin a kuma rasa abokin ciniki.

Wasiƙu da adireshi

Tun da aka raba tsohuwar ma'aikatar P&T a 1985 aka sami NIPOST da NITEL, akwatin gidan waya ya daɗe yana zama adireshin ɗan kasuwa. A yau yawancin saƙonnin banki da na haraji ta wayar hannu da imel suke zuwa, wato lambar waya ita ce sabon akwatin. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya sayar da shi ga wani, saƙon banki ya riƙa shiga hannun baƙo. Duk wanda ya canza lamba ko gida ya sanar da bankinsa da masu rajistar hannun jarinsa a rubuce. A kuma tabbata sunan da ke kan BVN da lambar ɗan ƙasa ta NIN da takardar fili iri ɗaya ne, domin bambancin harafi guda kan tsayar da biyan kuɗi watanni.

Wasiƙar da mutum zai kai wa wata hukuma ya yi ta kwafi biyu, ya miƙa ɗaya, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan ɗayar. In ta gidan waya ce, a aika da ita da rajista a adana rasidin. Wasiƙar da ta shigo gida kuwa a buɗe ta a ranar, a rubuta kwanan watan isowarta a samanta, domin takardun haraji da na kotu suna da wa'adin amsawa.

Inda za a ajiye

Takardun dindindin a sa su cikin leda mai kauri, a sa a akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗora shi a kan wani abu nesa da ƙasa da bango. Da rani a fito da su su sha iska a duba ko gara ta kusanto. Bayan haka a yi fotokwafin kowace, a kai wa amintaccen ɗan'uwa da ke wani gari, kamar Kaduna ko Jos ko Abuja. Kwafin da ke ɗaki ɗaya da na asali ba shi da amfani ranar gobara. A kuma ɗauki hotonsu a tura wa kai ta imel, domin hoton da ke cikin waya kaɗai yakan tafi tare da wayar. Dokar shaida ta 2011 ta yarda kotu ta karɓi bayanan da aka fitar daga kwamfuta bisa wasu sharuɗɗa, amma duk da haka kwafi ba ya maye gurbin asali. Amfaninsa shi ne yana ɗauke da lambar fayil da kwanan wata, waɗanda da su ne ofis zai binciko nasa rikodin. Idan takarda ta ɓace ko ta ƙone, a hanzarta kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takardar rahoton, a yi takardar rantsuwa a kotu, sannan a nufi ofishin da ya bayar da ita.

Abu na ƙarshe shi ne kada mai gida ya zama shi kaɗai ya san inda akwatin yake. Ranar da ya rasu, banki zai nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu mai ba da izinin kula da gado, kuma kotu ba za ta raba dukiyar da ba a san da ita ba. Ya kamata uwargida ko babban ɗa ko amintaccen ɗan'uwa ya san wurin makulli, a kuma sa takarda guda a saman akwatin mai lissafa filaye da asusu da hannun jari, da waɗanda ake bi bashi da waɗanda ke bin mai gida.

Wannan aiki bai wuce na yini ɗaya ba a karon farko. Daga nan sai a ware rabin awa a ƙarshen kowane wata domin biyan abin da ke jira da jera rasidai, da yini guda a watan Janairu domin fitar da abin da ya haura shekara shida da sabunta kwafin da ke wani gari. Kuɗin akwati da fayil da fotokwafi bai kai kuɗin mota na zuwa Kaduna sau biyu neman takardar da ta ɓace ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka wanda bai fara ba ya fara da takardar filinsa a wannan mako.